RUMFAR MAZA: Inda Dattawan Ostareliya Ke Taruwa Kan Zarto Da Gasasshen Nama

Duk wanda ya ratsa ƙananan garuruwan ƙasar Ostareliya da hantsi a tsakiyar mako, yana iya cin karo da wani gini na kwano a bayan filin wasa ko kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ƙofarsa a wangale, ƙarar zarto da bugun guduma suna fitowa daga ciki. In ya leƙa zai tarar da maza kamar 10 ko 20, galibinsu furfura ta gama rufe musu kai. Wannan yana goge ƙafar kujera, wancan ya kwance injin yankan ciyawa ya baje kayan cikinsa a kan tebur, wani kuwa bai taɓa komai ba tun da ya zo, yana zaune da kofin shayi yana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Ba mai biyansu albashi, ba kuwa shugaban aiki da ke tsaye a kansu da agogo. Sunan wurin a bakinsu Men's Shed, watau rumfar maza, kuma a yau akwai irinta fiye da 1,000 a cikin ƙasar.

Bahaushe, wanda ya tashi ya tarar da majalisar ƙofar gida bayan La'asar da bencin mai shayi da dare, zai yi mamaki in aka ce masa akwai ƙasar da sai an kafa ƙungiya, an rubuta dokoki, har an nemi taimakon gwamnati kafin dattawa su sami wurin zaman hira. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. A can ba a zaman ƙofar gida. Mutum yakan fito daga ɗaki ya shiga mota, ya dawo ya shige ya rufe ƙofa, maƙwabci kuwa sai a yi mako ba a ga ƙeyarsa ba. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna cewa a cikin kowane gida 4 na ƙasar, akwai 1 da mutum guda ne tak ke zaune a cikinsa.

ASALIN RUMFAR

Tun da daɗewa burin ma'aikaci a Ostareliya shi ne ya mallaki gida mai fili, a bayan filin kuma ya kafa 'yar rumfa ta kwano ko ta katako. Nan yake ajiye guduma da zarto da sifana, da gwangwanayen fenti da suka bushe, da kwalaben da ya cika da tsofaffin ƙusoshi domin wata rana. Uwargida ba ta cika shiga ba, shi ma bai cika so ta shiga ba. Mutanen ƙasar suna alfahari da abubuwan da suka fito daga irin waɗannan rumfuna. A cikin shekarar 1945 wani tsohon soja mai suna Lance Hill ya ƙera abin shanya tufafi mai juyawa a bayan gidansa a birnin Adelaide, ba a daɗe ba ya zama da wuya a ga gidan da babu shi. A cikin 1952 kuma Mervyn Victor Richardson ya harhaɗa injin yankan ciyawa a garejinsa da ke unguwar Concord a Sydney, da tarkacen ƙarafa, har gwangwanin 'ya'yan itace ya mayar tankin mai. Daga nan kamfanin Victa ya samo asali.

To, amma rumfar bayan gida ta mutum ɗaya ce. Muddin maigida yana zuwa aiki, ba ya jin kaɗaicinta, gama yana da abokan hira a ma'aikata ko a gona. Ranar da ya yi ritaya, abokan nan sukan watse gaba ɗaya. In kuma ƙarfi ya ƙare har aka sayar da gidan aka koma ƙaramin ɗaki a bene ko gidan tsofaffi, rumfar ma ta tafi, kayan aikin da ya yi shekara 40 yana tarawa a raba wa 'ya'ya ko a yi gwanjonsu. Matan sukan fi iya riƙe zumunci, suna da ƙawaye da ƙungiyoyi. Namiji kuwa sai ya zauna gaban telebijin daga safe har dare, in ya fita to gidan giya ne.

Abin da ke biyo bayan wannan zama ba ƙarami ba ne. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar sun nuna cewa a 'yan shekarun nan mutum fiye da 3,000 ke kashe kansu kowace shekara, kuma 3 daga cikin kowane 4 maza ne. In aka auna da yawansu, dattawan da suka haura shekara 85 suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mazan ƙasar kuma sukan riga matan mutuwa da wajen shekara 4, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne ba su zuwa wurin likita sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Abin sha'awa, mace ce ta fara ɗaukar mataki. A garin Goolwa na Jihar Ostareliya ta Kudu, wata ma'aikaciyar cibiyar tsofaffi mai suna Maxine Chaseling ta lura cewa ayyukan cibiyar sun fi karkata ga mata, mazan kuwa sukan kawo matansu su koma cikin mota su zauna suna jira. Ta ga cewa in aka kira su taron kiwon lafiya ba za su zo ba, amma in aka ce ga abu ya lalace ana neman mai gyara, za su zo da gudu. Haka aka buɗe musu rumfa a cikin 1993. A watan Yuli na 1998 aka buɗe wata a Tongala, wani ƙaramin garin makiyaya shanun madara a Jihar Victoria, bisa ƙoƙarin Dick McGowan, ita ce ake ɗauka a matsayin ta farko da ta amsa sunan rumfar maza sosai. Kafin shekarar ta ƙare wata ta biyo baya a unguwar Lane Cove ta Sydney. A cikin 2007 aka kafa ƙungiyar da ta haɗa su duka a ƙasar, a cikin 2010 kuwa Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufarta ta farko kan lafiyar maza, ta sa rumfunan a ciki, ta kuma ware musu kuɗi.

Farfesa Barry Golding, wanda a lokacin yake jami'ar Ballarat, ya kuma daɗe yana nazarin al'amarin, shi ne ya faɗi maganar da ƙungiyar ta ɗauka ta zama takenta. Ya lura cewa maza ba su iya buɗe cikinsu in suna fuskantar juna ido da ido, sai in suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, hannu yana aiki, ido yana kan katako.

GARDAMAR KAYAN AIKI

Me ake tattaunawa a rumfar? Da farko dai kayan aiki, kuma a nan gardama ba ta ƙarewa.

Babbar gardamar zamanin nan ita ce ta injin huda mai batir. Kowane kamfani ya ƙera batirinsa yadda ba zai shiga injin wani kamfani ba, ga shi kuwa batirin da abin cajinsa sukan kai injin kansa tsada. Saboda haka wanda ya fara da Makita ya ɗaura aure da Makita ke nan, zarton da zai saya gobe da injin goge katako na jibi duk dole su zama 'yan gida ɗaya. Har da launi ake gane ɓangaren mutum, kamar magoya bayan 'yan ƙwallo: Makita shuɗi-shuɗi, Milwaukee ja, DeWalt rawaya, Ryobi kore. Mai kore yakan sha tsiya a hannun tsofaffin kafintoci, su ce kayansa na 'yan wasan yara ne, shi kuma ya ce da kuɗin injinsu guda ya sayi uku, kuma ramin da nasa ya huda ba a bambanta shi da nasu. In gardamar ta yi tsawo, ba a rasa wanda zai tuna musu cewa a birnin Melbourne ne aka fara yi wa injin huda mai lantarki rajista a duniya, a cikin 1889, da sunan Arthur James Arnot da William Blanch Brain. Wancan ƙaton abu ne na fasa dutse da kwal. Wanda ake riƙewa kamar bindiga ana danna kunama, kamfanin Black & Decker na Amurka ne ya yi masa rajista a cikin 1917, shi ne kuma ya fito da maras igiya a cikin 1961.

Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da lantarki sam. Su a wurinsu aikin katako na ƙwarai sai da zarton hannu da magagari da makankari, kuma suna iya cinye safiya guda suna bayanin yadda ake wasa baki a kan dutse har ya aske gashin hannu. Irin waɗannan ne ke farautar tsofaffin kayan ƙirar Sheffield ta Ingila a kasuwannin gwanjo, su kankare tsatsa, su sake musu ƙota.

Awo ma abin faɗa ne. A cikin 1970 ƙasar ta kafa dokar komawa ga mita da kilo, kafin shekarun 1970 su ƙare magina da kafintoci sun koma aiki da milimita. Amma wanda ya koyi sana'a kafin nan har yanzu da inci da ƙafa yake tunani. Sai ka ga mutum biyu sun auna katako ɗaya, an yanka, ya ƙi shiga, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Tsofaffin injuna ƙirar Ingila kuwa notinansu na wani awo ne dabam da ake kira Whitworth, wanda sifanar zamani ba ta kama shi daidai, don haka dattijon da ya adana irin sifanarsa tun yana saurayi yakan zama sarki a ranar da aka kawo tsohuwar tarakta.

Sai batun itace. Jarrah, jan itace mai tauri na Yammacin Ostareliya, wanda a ƙarshen ƙarni na 19 aka yi ta kai shi London ana shimfiɗa wa tituna, yanzu sai an rushe tsohon gida ko gada ake samun mai kyau da araha. Itacen Huon na tsibirin Tasmania ya fi shi daraja: ba ya ruɓewa a ruwa, girmansa a hankali ne ƙwarai, wasu bishiyoyinsa sun haura shekara 2,000, kuma galibin wanda ake aiki da shi yanzu daga kututtukan da suka faɗi ko aka tsamo daga ruwa ne. Wanda ya sami guntunsa yakan zaga da shi kowa ya sansana kafin ya yanke shawarar abin da zai sassaƙa.

Akwai dai magana guda da in ta taso, raha takan tsaya. Ita ce maganar asbestas. Daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa shekarun 1980 an gina dubban gidaje a ƙasar da allunan siminti masu gauraye da shi, har da rumfunan bayan gidan kansu, kuma hukumomi sun ƙiyasta cewa gida 1 cikin 3 yana ɗauke da shi. In an bar allon yadda yake bai fashe ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma da zarar an huda shi, ko an yanka, ko an goge da samfefa, sai ya saki ƙura mai siraran zaruruwa da ido ba ya gani, su maƙale a huhu, bayan shekara 20 zuwa 50 su haifar da wani irin ciwon daji na fatar huhu wanda har yanzu ba a samo maganin da ke warkar da shi ba. Da farko ma'aikatan haƙar ma'adinin ne suka kamu, irin na Wittenoom da aka rufe a cikin 1966, sa'an nan ma'aikatan masana'antu da magina. Likitocin ƙasar suna kiran masu gyaran gidajensu da kansu rukuni na uku. An haramta asbestas baki ɗaya a Ostareliya ran 31 ga Disamba, 2003, amma wanda ke jikin bango yana nan. Silin da kwanon rufi na asbestas da aka yi ta sa wa makarantu da gidajen ma'aikata a Nijeriya a shekarun baya danginsa ne, kuma ƙurarsu ɗaya ce.

Lantarki ma ba a wasa da shi. Dokar ƙasar ta hana wanda ba shi da lasin ya ja waya ko ya canja soket a bango, ko da a gidansa ne.

SHAYIN HANTSI

Wajen ƙarfe 10 akan kashe injuna a koma tebur. Wannan hutu suna kiransa smoko, suna ne da ya samo asali tun zamanin da ma'aikata ke tsayawa shan taba, ko da yake yanzu shayi ne da biskit. Masu lura da al'amarin sun ce saboda wannan rabin awa aka gina rumfar, katakon hujja ce kawai. Akan fara da wasan kurket da ƙwallo, da tsadar man fetur, da jikokin da ba su ɗaga kai daga waya. Can sai wani ya ce ba zai zo mako mai zuwa ba, likita ya ce a yi masa gwaji. Wanda ke gefensa, ba tare da ya dube shi ba, sai ya ce shi ma an yi masa irinsa shekara 3 da suka wuce, ya faɗa masa yadda abin yake da abin da ya kamata ya tambayi likita. Maganar da mutum ya kasa faɗa wa matarsa ta shekara 50, ta fito ke nan a tsakanin biskit biyu.

Ƙungiyar ta gane haka, ta shirya wani tsari na duba lafiya wanda ya kwatanta jikin mutum da mota mai bukatar sabis a kan kari. Dattijon da ba zai taɓa barin motarsa ta wuce lokacin juyen mai ba, da wuya ya musa in an ce ya miƙo hannu a auna hawan jini da sukari. Galibin rumfunan kuma ba a shan giya a cikinsu, wanda ya bambanta su da wurin da maza suka saba taruwa a da.

Ba a ce rumfa tana maganin kowace cuta ba. Yawancin binciken da aka yi ya dogara ne kan abin da mazan suka faɗa da bakinsu, cewa sun fi jin daɗin rayuwa kuma sun yi abokai, kuma wanda kaɗaici ya fi yi wa katutu sau da yawa shi ne ba zai tako ƙofar ba tun farko. Akwai kuma rumfunan da rikicin shugabanci ya raba, gama tsohon manaja da tsohon lebura ba kullum suke mance matsayinsu na da ba.

NAMA DA ALBASA

Gashin nama a sarari al'ada ce babba a Ostareliya. A wuraren shaƙatawa na birane ƙananan hukumomi sun girke murahun gashi masu lantarki ko iskar gas, galibi kyauta, kowa ya zo da namansa ya gasa ya goge ya tafi. Da yake zafinsu yana faɗowa ne daga Disamba zuwa Fabrairu, har bikin Kirsimeti a bakin murhu wasu ke yinsa. A rumfar maza ma akan keɓe rana a gasa, kuma gardamar da ake yi a nan ba ta gaza ta injin huda ba: gawayi ya fi ko gas, sau ɗaya ake juya nama ko sau da yawa, a sa gishiri kafin ko bayan an sauke. Masu gawayi suna rantsuwa da murhun Weber mai murfi kamar ƙwarya, wanda George Stephen ya ƙirƙiro a Chicago a cikin 1952 ta hanyar raba wani ƙwallon ƙarfe na alamar hanyar jiragen ruwa gida biyu. Sai dai a ranakun da hukuma ta hana kunna wuta saboda tsoron gobarar daji, mai gawayi dole ya haƙura. Ba wanda ke ɗaukar dokar nan da wasa a ƙasar da gobarar ran 7 ga Fabrairu, 2009 ta kashe mutum 173 a Jihar Victoria. Bayan babbar gobarar 2019 zuwa 2020 kuwa, rumfuna da dama sun duƙufa ƙera akwatunan katako da ake ratayawa a bishiya domin tsuntsaye da ƙananan dabbobin da kogunan itatuwansu suka ƙone.

Gashin kuma hanyar samun kuɗi ne. Kamfanin Bunnings, babban mai sayar da kayan gini da na gyaran gida a ƙasar, wanda 'yan'uwa biyu Arthur da Robert Bunning suka assasa bayan sun iso Yammacin Ostareliya daga Ingila a cikin 1886, yakan ba ƙungiyoyin taimakon kai da kai wuri a ƙofar kantunansa ran Asabar da Lahadi, da murhu da rumfar tamfol. Ƙungiya ta kawo kayan gashi, ribar duka tata ce. Abin da ake sayarwa ba shi da wani ƙawa: sosej ne, watau niƙaƙƙen nama da aka ɗura a fatar hanji, a ɗora a yankan burodi guda, a zuba soyayyiyar albasa da miyar tumatir ta kwalba. Mai tukuba a Sabon Gari zai yi dariya in ya ga babu ko yaji. Amma da wannan ciniki rumfuna da yawa ke biyan kuɗin wuta da inshora, su sayi katako da gam.

A watan Nuwamba na 2018 albasar nan ta tayar da ƙura a ƙasa baki ɗaya. Kamfanin ya ba da shawara cewa a riƙa sa albasar a ƙarƙashin naman maimakon a samansa, domin kada ta zubo ƙasa wani ya taka santsi ya kwashe shi. Jaridu da gidajen rediyo suka yi kwanaki a kai, har 'yan jarida suka tare Firayim Minista Scott Morrison da tambayar yana halartar taron shugabanni a Singapore, ya amsa da cewa ko a sama take ko a ƙasa shi dai zai ci gaba da saye. A watan Yuli na 2022 aka ƙara farashin daga dala 2 da rabi zuwa dala 3 da rabi, ƙari na farko cikin shekara 15, wannan ma sai da aka yi ta ƙorafi. Irin wannan sosej ɗin ne ake sayarwa a ƙofar rumfunan zaɓe, tun da yake zaɓensu ran Asabar ake yi kuma jefa ƙuri'a dole ne bisa doka. Har suna gare shi, sosej ɗin dimokuraɗiyya, kuma cibiyar ƙamus ta ƙasar ta zaɓi sunan a matsayin kalmar shekarar 2016.

Al'adar ta tsallaka teku. Ta shiga New Zealand, sa'an nan Ireland, inda aka buɗe ta farko a Tipperary a cikin 2009, daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, dubban magina suka rasa aiki, saboda haka rumfunan can suka cika da magidanta da ba su kai shekarun ritaya ba. An kafa ƙungiyarsu a cikin 2011, ta Birtaniya a cikin 2013, abin ya kuma kai Kanada da Amurka da Denmark.

Ko a bar mata su shiga, wannan magana ce da ba a kashe ba har yau. Wasu rumfuna sun buɗe ƙofa ga kowa, wasu sun ware wa mata rana guda a mako, wasu matan kuma sun kafa nasu. Masu ƙin yarda suna cewa da zarar mace ta zauna a teburin shayi, maganar ciwon mafitsara ta mutu. Ƙungiyar ƙasa ta bar wa kowace rumfa ta yanke nata hukunci.

Su matan dai, ko sun shiga ko ba su shiga ba, su ne sau da yawa ke tura mazan, wata har ta kawo shi da mota ta sauke shi a ƙofa. Su ne kuma ke dawowa daga baya, in mijin ya rasu, da bayan mota cike da kayan aikinsa, domin 'ya'ya ba su san amfaninsu ba. Akan zauna a tantance: mai kyau a rataye a bango kowa ya yi aiki da shi, wanda ake da irinsa da yawa a sayar a zuba kuɗin a asusun rumfa, injin da waya ko makunninsa ya tsufa kuma a ajiye shi gefe har mai lasin ya duba shi.